Shirun Daƙiƙa Biyar

Wasiƙar ta zo ranar Talata, Murja na durƙushe gaban murhu tana lallaɓa ɗan kwal ɗin da ya rage musu. Mijinta Halliru ya buɗe ta a tsaye, ko hular sanyi bai cire ba. Ya karanta, ya sake karantawa, sai ya ninke zai tura aljihu.

"Malam, karanta mini."

"Ba wani abu ba ne. Ƙafar tana sauƙi."

"In sauƙi ne, me ya kai ta aljihu? Karanta."

Ya karanta. Daga Sista Alice take, mai kula da ɗakin yara a wani asibitin ƙashi da ke bayan garin Birmingham, inda 'yarsu Raki take kwance. Ƙashin ƙugun yana haɗewa, likita ya ji daɗi. Amma yarinyar ta daina magana. Mako biyar ke nan ba ta ce uffan ba, abinci ma sai an yi da gaske. Kullum fuskarta na kallon bango, ba ta juyowa sai ƙarfe biyar na yamma in an kunna wa yara rediyo.

Murja ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da tona murhu har wutar da take ta lallaɓawa tun asuba ta mutu a hannunta.

Hunturun 1949 ne. An gama yaƙin duniya da shekara huɗu, amma wanda ya ga layin nama a unguwarsu ta Withington a Manchester sai ya rantse jiya aka gama. Sukari sai da katin rabo na gwamnati, man shanu da kati, alewar yara ma da kati. Gwamnati ce ta turo Halliru daga Kano koyon aikin injiniyan ruwa. Shekarar farko a Ladywood suka yi ta, cikin Birmingham, a wani ɗaki mai raɓa, kuma a nan ciwo ya kama ƙugun Raki. Aka sa ta a filasta tun daga ƙirji har idon sawu. Ana cikin haka aka mayar da karatun Halliru Manchester, likitoci suka ce yarinya ba ta ɗaukuwa. Dubiya kuwa Lahadi ɗaya a wata, awa ɗaya. Wannan ɗin ma ƙyanda ta ɓulla a ɗakin aka rufe ƙofa, yau wata uku rabon da su sa ta a ido.

Abin da ke cin Murja a rai shi ne zuwansu na ƙarshe. Raki 'yar fari ce, ita kuwa Murja an yi mata tarbiyya: ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane. Ran nan matan Turawa sai rungume 'ya'yansu suke, ana sumbata ana koke-koke. Ita ta tsaya a ƙarshen gado, ta gyara bargo, ta ce, "To, sai mun dawo," ta fita ba ta waiwaya ba. A gida wannan shi ne mutunci, domin akwai kaka, akwai gwaggo, akwai masu ɗauka su goya su shagwaɓa. To nan fa? Wa zai gaya wa 'yar shekara shida cewa kara ce ba ƙi ba? Murja ta tabbata yarinyar ta ɗauka an yar da ita, kuma tsoronta kada wannan shirun ya zauna mata.

Rediyo dai Murja ta san shi ciki da bai. Tsohuwar da suke haya a gidanta tana da wani ƙato a falo, kuma ta yarda Murja ta riƙa zama tana ji. Ɗan Turancin da ta taho da shi daga makarantar 'yan mata a gaban akwatin nan ya yi ƙwari. Da safe a koya wa mata yadda za su yi girki da garin ƙwai, da rana wani farfesa ya yi ta bayani kan tsuntsaye, da yamma wasan kwaikwayo, sannan kiɗan gogensu mai tsawon tsiya wanda ba a rawa da shi. Ƙarfe biyar na yara ne.

Da daddare bayan sun ci abinci Halliru ya jawo wasu takardu yana gyarawa. Tun makonnin baya wata ma'aikaciyar gidan rediyo, Mis Catherine, ta je ƙungiyar ɗalibai neman wanda zai ba yara labarin ƙasarsu, shi kuma ya karɓa. Murja ba ta taɓa kula zancen ba sai yau.

"Malam, shirin nan naka, na ƙarfe biyar ne?"

"Shi ne. Ranar Alhamis ta sama."

"Iyakarsa Manchester?"

"A'a, ran Alhamis haɗa mu ake da sauran garuruwa."

"Har Birmingham?"

Ya ɗago ya dube ta. Ya gyaɗa kai.

"Gobe in za ka gwaji zan bi ka," in ji ta.

Suka hau bas zuwa tsakiyar gari, suka wuce kangayen da bam ya bari, ciyawa har ta fito a cikinsu. Ɗakin da aka kai su ba taga, bango duk an lulluɓe, magana in ta fita baki sai ta faɗi nan take. Tebur ɗaya, makirfo ɗaya, jar fitila a sama. Mis Catherine siririya ce mai tabarau, ta rataya agogon awon daƙiƙa a wuya, ga rigar sanyi da aka yi wa faci a gwiwar hannu. Ta ba Murja kujera a lungu, ta shiga bayan gilashi, ta ɗaga wa Halliru hannu.

Allah Sarki, Halliru! Mutumin kirki ne, in famfo ne ko madatsar ruwa ba a ja da shi. Amma tatsuniya? Ya gyara murya ya fara da cewa kunkuru dabba ce mai ƙoƙon baya wadda ake samu a yankuna masu zafi. Ya bayyana amfanin gishiri a kasuwancin ƙasar Hausa. Minti uku suka wuce kunkuru bai ko fita daga gida ba. Murja ta daure, ta daure, har tsaki ya kuɓuce mata, makirfo kuwa ba ya rufa wa kowa asiri.

Mis Catherine ta fito. "Uwargida tana da magana?"

"Ba haka ake yi ba," in ji Murja da Turancinta mai tafiya a hankali. "Maza ba su iya ba. Ba aikinsu ba ne."

"To ke yi mu ji."

Halliru ya tashi daga kujerar da saurin da ya nuna dama a kan ƙaya yake. Murja ta zauna, ta rufe ido, ta kawo tatsuniyar da kakarta ta ba ta, wadda ita ma ta sha ba Raki a Ladywood: kunkuru ya ɗauko gishiri zai kai wa surukarsa, ya bi ta kasuwa, ya bi ta rijiya, ya bi ta kogi, ko'ina ana yi masa wayo yana ramawa. Ta yi muryar kunkuru, ta yi ta kwaɗon rijiya mai roƙon gishiri da waƙa. Da ta buɗe ido sai ta ga mai kula da na'urori a bayan gilashi yana dariya har da riƙe ciki.

Nan take aka ce ita za ta yi. Sai dai gidan rediyo na da dokokinsa, Mis Catherine ta jero mata su. Komai sai an rubuta an buga an sa hannu, ba a ƙara kalma ba a ragewa. Ba a gaida kowa, ba a aika saƙo. Minti tara ne cif. Kwana biyu Halliru yana rubuta abin da matarsa take faɗa, aka buga shi a wata takarda mai laushi wadda ba ta ƙara in an juya.

Rigimar ta tashi ne ranar gwaji na biyu. An bar mata buɗewar da Hausa, don Mis Catherine ta ce tana da daɗin ji. Jar fitila ta kama, Murja ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Sai ta yi shiru.

Mis Catherine ta yi ta juya hannu a bayan gilashi. Murja na zaune. Mis Catherine ta fito da sauri. "Kin manta layin ne?"

"Ban manta ba. Jira nake."

"Jiran me?"

"A amsa. In na ce ga ta nan, sai masu ji su ce ta zo mu ji ta. In ba su ce ba, ba a ba ni izini ba."

"Ai ba kowa a ɗakin."

"Ke kika ce yara dubu dubai suna ji."

Mis Catherine ta cire tabarau ta murza ido. Ta yi mata bayani da haƙuri cewa a rediyo shiru shi ne babban laifi. In aka yi daƙiƙa uku ba sauti, masu na'ura a wasu garuruwan za su ɗauka waya ta tsinke, iyaye su tashi su fara bugun akwatinsu, ita kuma gobe a kira ta ofis. In amsa ake so, ga mijinta nan, ya tsaya kusa ya amsa.

"Shi ba yaro ba ne."

"To mu kawo yaro daga masu wasan kwaikwayo, ki koya masa."

"A'a. Akwai mai amsawa."

"Wa?"

Murja ta kau da ido. Ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafi. Kai, kara ma wani lokacin cuta ce! Ga magana a maƙogwaro, kalma biyu ce tak, amma ta ƙi fita a gaban baƙuwa, a gaban miji. Halliru ne ya ce wa Mis Catherine ta zo waje yana son ganinta. Murja na hango su ta ƙofa, ya zaro wasiƙar Sista Alice ya miƙa mata. Ta karanta a tsaye, ta daɗe tana kallon takardar fiye da yadda tsawonta ya kai.

Mis Catherine ta dawo ciki. Ta ɗauki jan fensir ta rubuta a kan takardar, a ƙarƙashin layin farko, cewa akwai shiru na daƙiƙa biyar kuma da gangan ne, ta sa hannu. "Zan buga wa sauran garuruwa waya in gaya musu," in ji ta. "Biyar fa, ba shida ba. Amma akwai wata matsalar. A gwajin farko kin wuce da minti ɗaya da rabi, dole a yanke wani wuri." Ta bi shafukan da fensir, ta tsaya a kan rijiya. Kasuwa ce farkon rigima, kogi ne ƙarshenta, rijiya kaɗai za a cire labari bai rushe ba.

Murja ta ji kamar an mare ta. Wajen rijiyar nan shi Raki ta fi so, ita ke yin kukan kwaɗo tana kumbura kumatu. Murja ta roƙa a cire wani wurin, aka gwada, agogo ya ƙi. Wanda aka ba shi kyautar riga ba ya cewa hannun ya yi gajere. Ta haƙura, jan fensir ya bi ta kan rijiya da kwaɗonta. Halliru kuwa ya rubuta wa Sista Alice yana roƙon a matso da rediyo kusa da gadon yarinyar ran Alhamis.

Ranar ta zo da hazo mai warin hayaƙi. A gida ba a tatsuniya da rana, amma Ingila ta hutar da Murja wannan damuwar, tun ƙarfe huɗu duhu ya rufa. Ta yi sallar magariba a wani lungu bayan tulin kujeru, ta roƙi Allah abu ɗaya. Kafin nata akwai masu kiɗa, tana jin su ta bango. Aka shigar da ita, aka rufe ƙofa mai nauyi. Wani mutum mai murya kamar an shafa mata mai ya faɗi sunanta a karkace. Jar fitila ta kama.

"Ga ta nan, ga ta nanku."

Mis Catherine ta ɗaga hannu a bayan gilashi, yatsu biyar a buɗe, ta fara ninke su ɗaya bayan ɗaya. Murja ba ta taɓa sanin daƙiƙa na da tsawo haka ba. Ta kasa kunne da dukan jikinta, ita da ta fi kowa sanin makirfo ba ya dawo da magana. Ba ta ji komai ba sai bugun zuciyarta. Yatsa na ƙarshe ya kwanta, ta buɗe baki ta fara.

Ta yi shi lafiya, minti tara cif. Mai na'ura ya ɗaga mata babban yatsa, Mis Catherine ta riƙe hannunta da hannu biyu. A gida tsohuwar mai gidan ta tare ta a ƙofa, har da fito da sukarin da take ɓoyo ta zuba mata cokali guda a shayi. Duk Murja ba ta ji daɗin ko ɗaya ba. Juma'a ba wasiƙa, Asabar babu. Ta fara zargin kanta: wataƙila ba a kunna ba, wataƙila yarinyar na barci, wataƙila ta ji ta ƙi. Wannan na ƙarshen shi ya hana ta cin abinci.

Sai ran Laraba wani ɗan kati ya zo, layi biyu. Ƙyanda ta wuce, an buɗe dubiya ranar Lahadi. Ba a ce komai game da yarinyar ba.

Jirgin ƙasa ya yi ta tsaye-tsaye, ba ɗumi a cikinsa, suka isa Birmingham ƙafafu sun sandare. Sista Alice ta tare su a baranda, wata ƙatuwar mace mai jar fuska da damatsa irin na masu daka. Ta dubi Murja sama da ƙasa.

"Ke ce ta rediyo."

"Ta ji?"

"Ta ji. Ni da kaina na jawo akwatin har gefen gadonta. Kina buɗe baki ta juyo."

"Da na yi shiru fa? Ta amsa?"

"A'a," in ji Sista Alice. "Ba ta ce komai ba. Ina tsaye a kanta."

Murja ta dafa bango. Halliru ya ce, "Inna lillahi," a hankali.

"Ku tsaya mana, ban gama ba! Ta rufe ido tana ji, har kunkurun nan naku ya bar kasuwa ya isa kogi. Sai kawai na ji an kwatsa ihu, har na saki tire. Wai, ba haka ba ne! Wai, wannan uwata ce, kuma ta tsallake rijiya! Yaran suka ce ƙarya take, uwar wa za ta shiga rediyo? Ai kuwa ta hau su da faɗa. Kina gamawa ta kawo musu wajen rijiyar tun daga farko, da waƙar da komai. Yau kwana goma ɗakina ya koma kududdufi, yara goma sha takwas kowa kukan kwaɗo yake. Ta cinye abincinta, ta nemi ƙari. Don Allah ki shiga ki karɓi abinki, ta ishe mu da surutu."

Halliru ya juya yana fyace hanci, wai hazo ne. Murja ta shiga.

Gadon na can ƙarshe kusa da taga. Yarinyar ta rame, gashinta ya cukurkuɗe don ba wanda ya iya kitsa shi, farin filasta ya leƙo ta saman bargo. Ta ga uwarta sarai, amma ta tura baki ta kau da kai. Murja ta tsaya a inda ta saba tsayawa, ƙarshen gado.

"Sannu. Ya jikin?"

"Kin tsallake rijiya," in ji Raki. Hausarta ta ɗan karkace, ta ɗauko lanƙwasar 'yan Birmingham.

"Ji min 'yar nema! Ba gaisuwa sai tuhuma? Agogonsu ne ya ce lokaci ya ƙare."

"Ai sai ki ce masa ya jira."

"Na gaya masa, ba ya jin Hausa."

Bakin yarinyar ya motsa zai yi dariya, ta hana shi. Ta ɗan jima tana jan zaren bargo. Sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa, yadda na gadon kusa ba zai ji ba.

"Inna, da kika yi shirun nan, ni kike jira?"

"Ke mana. Wa nake da shi?"

"Na amsa fa. A ciki na amsa, bakina ne ya ƙi."

Akwai allo a bango mai cewa an hana masu dubiya zama a kan gado, Murja kuwa ta iya karatu. Ta zagayo ta zauna, ta ɗago kan yarinyar ta ɗora a cinyarta a gaban miji da Turawa da kowa, hawaye na zuba ba ta share ba.

"Na sani," in ji ta. "Ai shi ya sa na ci gaba."